Kujerar Abokin Takarar Mista Rupp

Litinin, 15 ga Yuli, ƙarfe 12:30 na rana

Sun sallami Wendell Ash yau da safe. Kwana sha tara.

Na tsaya a tagar ofis ina kallonsa ya fito daga gidan waƙafi da jakar leda a hannu, yana ƙifta ido saboda rana. Ayarin masu girbin alkama da ya biyo daga Oklahoma tuni sun kwashe injinansu sun yi arewa, an ce har sun ɗauki wani direban. Bai san kowa a garin nan ba. Ya daɗe tsaye a bakin titi, sannan ya taka ya nufi gidan mai.

Kayan aikin da aka ce ya sata, tun ranar 26 ga Yuni aka gan su a bayan motar mai su. A ranar Mista Rupp, lauyan gunduma, ya rubuta takardar janye ƙara, ya sa hannu a gabana, ya ce shi zai miƙa ta kotu da kansa tunda hanyarsa ce. Na ƙyale shi. Ni da na san abin da na sani, na ƙyale shi. Jiya bayan coci na shigo ba shukokin ofis ruwa, na buɗe firij, sai ga takardar ƙarƙashin kwanon abincinsa, ta yi sanyi ƙalau.

Na ce wa Gus gandiroba laifina ne, takarda ce ta shige min cikin wasu. Ya dube ni ya fi minti ɗaya, ya ce, "To, Verna."

Talata, 16 ga Yuli, ƙarfe 9 na safe

Mista Rupp ya shigo fes-fes, riga a goge, hula a hannu. Shekara ashirin da takwas yana lauyan Gundumar Ansel, duk wanda za a kai ƙara sai ya ce a kai, shekara ashirin da takwas ina sakatariyarsa, ban taɓa ganin maɓallinsa a karkace ba. Ya rataye hular, ya ce, "Misis Hruska, yaron nan Ash, mun janye ƙararsa ko?"

Na ce mun janye.

"Madalla. Mutum bai yi komai ba, bai kamata ya kwana ko ɗaya a can ba."

Na shiga banɗaki na kunna famfo.

A watan Nuwamba za a yi zaɓe, kuma sunansa ne kaɗai a layin lauyan gunduma, kamar kullum. Wata shekara huɗu ke nan. Ni na cike masa fom ɗin a watan Mayu, na nuna masa inda zai sa hannu.

Laraba, 17 ga Yuli, ƙarfe 5:45 na yamma

Na hau sama wurin Twila, akawun gunduma, wai na je aron ƙusar takarda. Twila ba ta da aiki sai cin gyaɗa da sanin sirrin mutane, amma dokar zaɓe tana kanta tsaf. Na ɗauko zancen a fakaice, na ce wai idan wani yana son ya tsaya yanzu fa.

Ta ce, "Takara ta jam'iyya dai an rufe tun Yuni. Sai dai mutum ya fito da ƙashin kansa, ya kawo sa hannun masu rajista sittin da biyu, kafin sha biyun ranar Litinin, biyar ga Agusta. Sha biyu da minti ɗaya, ko mahaifiyata ce ba zan karɓa ba. Wa kike tambayar wa?"

Na ce ba kowa.

"Ba kowa ɗin nan dai dole lauya ne, kuma mazaunin gundumar nan. Lauyoyi uku gare mu. Ogan naki, da tsoho Pfeifer da ko tsawa ba ya ji, da 'yar gidan Baeza." Ta jefa gyaɗa a baki. "Ke Verna, rabon da a buga suna biyu a layin nan tun ina 'yar firamare. Ba mu kaɗai ba ne kuma, yawancin gundumomin jihar nan haka suke. Wasu ma ba su da lauyan ko ɗaya, aro suke yi a maƙwabta."

Ina saukowa na ga kujerar a bayan ƙofar ofishinmu. Ta ƙarfe ce mai naɗewa, Mista Rupp ya rubuta mata ABOKIN TAKARA da farin fenti tun zaɓensa na farko. Duk shekarar zaɓe, ranar da 'yan takara suke magana a bikin baje kolin gunduma, da kansa yake ɗaukar ta zuwa rumfar shanu, ya buɗe ta kusa da shi, ya roƙi wani ya zo ya zauna. Mutane su yi dariya, su yi tafi, a tafi cin kek. Sau bakwai ke nan. Ni ma dariyar nake yi.

Alhamis, 18 ga Yuli, ƙarfe 4 na yamma

Na gaya wa Mista Rupp. Duka, har da firij. Ya daɗe yana kallon hannuwansa, ya ce ya gode, gobe zai rubuta takardar ajiye aiki.

Juma'a, 19 ga Yuli, ƙarfe 8:20 na safe

Ya shigo yana fito, ya tambaye ni me ya kumbura min ido. Karo na uku ke nan da muka yi wannan maganar. Ba zan ƙara sa shi ya ji ta sabuwa ba.

Asabar, 20 ga Yuli, ƙarfe 2 na rana

Corina Baeza tana da ofis a tsohon shagon ɗinki, takardun gona da wasiyya take yi. Shekara uku da dawowarta daga Denver saboda jinyar mahaifiyarta. Na same ta da takalmi a cire, fanka na kaɗa mata ƙafa. Da na faɗi abin da ya kawo ni, ta yi dariya har da buga tebur.

"Ni? In kara da Mista Rupp? A garin nan? Haba Misis Hruska, me na yi miki? A Denver na ga mutum biyar suna neman kujerar nan, suna yagar juna a talabijin, ba wanda ya damu. Amma nan, in na tsaya, ko gaisuwata ba za a sake amsawa ba."

Na ce, "Yaron nan Ash. Kwana sha tara."

Dariyar ta ɗauke. Ta jawo takalminta ta sa, ban san dalili ba. Can ta ce, "A watan Mayu, a gaban alƙali, ya kira ni da sunan Mama. Ya ce yaya 'yarki Corina, ta gama sakandare? Ban gaya wa kowa ba. Na ɗauka ni kaɗai na gani."

Ta yarda, da sharaɗi ɗaya. Ba za ta faɗi kalma ko ɗaya a kansa ba, kuma ba za mu gaya wa kowa dalili ba. Na ce ai ni ma bakina ba zai iya ba.

Lahadi, 21 ga Yuli, ƙarfe 3 na yamma

Loretta ta bugo daga New Jersey. Ƙanwata ce amma tun muna yara take min magana kamar ita ta raine ni. Na ɗan gutsura mata, ta ce, "Wai har yanzu zaɓen mai gabatar da ƙara kuke yi? Mu nan naɗa shi ake yi daga sama, ni ko sunan namu ban sani ba, kuma barcina nake lafiya."

Bayan ta ajiye na zauna a baranda ina jujjuya maganar. Ikon Allah. Ashe akwai inda ba a tambayar mutane sam. Mu kuma, manoman alkama da masu kiwon shanu, an miƙo mana wannan abu a hannu, an ce ku zaɓi wanda zai iya kulle 'ya'yanku. Abin ya yi min girma. Shekara ashirin da takwas yana hannunmu, ba mu taɓa buɗe shi mun ga me ke ciki ba.

Talata, 23 ga Yuli, ƙarfe 6 na yamma

Sa hannu tara na samo wa Corina.

Na gasa burodi mai nama da kabeji cike da kwando, na sa takardar a ƙasa na rufe da ƙyalle. Mace mai shekara sittin da uku tana yawo da takardar zaɓe kamar mai sayar da giya a ɓoye. Layin farko na bar shi, nawa ne, zan sa daga baya.

Bernice mai gidan abinci ta karanta kan takardar, ta ajiye butar kofi da ƙarfi.

"Ke, Verna? Ke da kika ci abincinki a inuwarsa shekara nawa? Kunya ba ta kama ki ba?"

Na ce ta kama ni.

Ta ja ni kicin ta turo ƙofa. "Saurara. Tun Fabrairu sau biyu yake karyawa a nan. Ya ci ƙarfe bakwai, ya fita, ya dawo takwas da rabi ya ce Bernice yau yunwa nake ji. Sai na koma ba shi rabin faranti kowane zuwa, don kar cikinsa ya ɓaci. Ba wanda ya sani. Kar ki gaya wa kowa."

Na ce to ai shi ya sa, ga alƙalami.

"Allah ya kiyaye. Mutumin da ya hana a kai min Danny gidan yari, ya sa shi yankan ciyawar maƙabarta bazara guda? Yau Danny da 'ya'ya uku. Ɗauke takardarki. Bar burodin."

Alhamis, 25 ga Yuli, ƙarfe 5:30 na yamma

Ashirin da uku, kuma yau na ga abin da ban san yadda zan rubuta shi ba.

Leland mai gidan mai ya ƙi sa hannu. Yana goge min gilashi ya ce, ba tare da ya dube ni ba, tun Afrilu kullum ƙarfe biyar yake rufe famfo ya bi motar Mista Rupp daga nesa har ya ga ta shiga gida, saboda wata rana ya tsince shi a hanyar tsohuwar gonarsu, wadda aka sayar tun ina amarya. Ya ce kar in gaya wa kowa.

Mai aski ya ƙi. Ya ce sau uku a mako yake zuwa aski yanzu, shi kuma sai ya zaunar da shi, ya yi ta kaɗa almakashi a iska, ya kakkaɓe masa wuya. Kar in gaya wa kowa.

Gus ya sa hannu. Ya ce tun bara duk ranar Juma'a yake bin sunayen waɗanda ke tsare ɗaya bayan ɗaya, ya tabbatar kowa da dalilin zamansa. Makonnin da aka yi masa aikin gwiwa ne kawai bai yi ba, su ne na Ash. Ya ce, "Na san ba ke ba ce, Verna. Ke ko tsinke ba ya ɓace miki."

Na zauna a mota a gaban rumbun alkama na kasa tayar da ita. Gari guda ya tallabe mutum ɗaya, kowa ya kama gefensa, kowa yana tsammanin shi kaɗai ne. Ban taɓa ganin ƙauna irin wannan ba, ko a coci. Na yi kuka don ta burge ni, na kuma yi don ta ba ni tsoro, saboda duk da hannuwan nan namu Wendell Ash ya zurare ta tsakani.

Lahadi, 28 ga Yuli, ƙarfe 11:30 na safe

Talatin da ɗaya. A coci bencina ya zama nawa ni kaɗai, har na samu wurin ajiye jaka.

Talata, 30 ga Yuli, ƙarfe 1 na rana

Ranar kotu. Aka kawo tsoho Dinkel da ya datse shingen maƙwabcinsa. Mista Rupp ya miƙe ba takarda a hannu, ya jero tarihin iyakar gonakin nan biyu tun daga kakanninsu, da shekarar da rafi ya sauya hanya, da sunan wanda ya auna. Ya ce a bar su su gyara shingen tare, kulle Dinkel ba zai tsayar da saniya ko ɗaya ba. Tsofaffin biyu suka fita suna gardamar wayar shingen wa ta fi kyau. Na saki baki ina kallonsa kamar ranar da na fara aiki.

Minti goma bayan haka ya miƙe ya ce yana da magana a kan shari'ar Dinkel. Alƙali ya duƙar da kai yana gyara takardu, ya ce, "An lura, Mista Rupp, na gode." Ashe har da alƙali.

Laraba, 31 ga Yuli, ƙarfe 6:15 na yamma

Talatin da takwas. Na gama da duk ƙofar da za ta buɗe min. Saura kwana biyar.

Corina ta duba takardun ta ce, "Naki fa?" Na ce a ƙarshe. Ta ce to.

Gobe 'yan takara za su yi magana. Ɗazu ya sa na goge masa kujerar.

Juma'a, 2 ga Agusta, ƙarfe 7 na safe

Jiya ban iya riƙe alƙalami ba. Bari in bi shi a hankali kar in zubar da wani abu.

Ƙarfe shida rumfar shanu ta cika, zafi kamar a gasa mutum, ga warin taki ga ƙamshin masara. Masu neman kujerun gunduma suka yi minti uku-uku nasu. Aka kira lauyan gunduma. Ya taho daga baya da kujerar a hammata, mutane suna buɗe masa hanya. Na ga Leland ya matso gefen dandamali, Bernice tana murɗa ƙyallen hannunta, Gus ya tsaya kusa da matakala. Kowa a shirye yake ya tare abin da zai faɗo. Ni ina zaune, kwandona a cinya.

Ya buɗe kujerar, ya daidaita ta, ya fara. Ko kalma ɗaya bai tsallake ba.

"Ni ne mutumin da zai iya sa a kulle ɗanka. Ku kuka ba ni wannan iko, sau bakwai, ba wanda ya tsaya ya tambaye ni komai. Kuna cewa yabo ne. Ni ina ganin lalaci ne, kuma kun san ina son ku. Ga kujera. Wa zai zo ya zauna ya ce min ƙarya nake?"

Nan ne ake dariya. Jiya ba wanda ya yi.

Sai na ji ƙarar benci. Corina ce. Ba mu shirya haka da ita ba. Ta ratsa tsakiyar rumfar, doguwar tafiya, takalminta na nutsewa a ɓuntun katako, ta hau dandamali ta zauna a kujerar. Ƙarfen ya yi ƙara, don bai taɓa ɗaukar nauyin mutum ba. Wurin ya yi tsit, sai wata saniya can baya. Wani ya ce, "Kai, yarinyar nan!" Na rufe ido ina roƙon Allah kar ya kira ta da sunan mahaifiyarta a gaban jama'a.

Ya ce, "Sunanki, 'yata?"

"Corina Baeza."

"Lauya ce ke?"

"Eh, Mista Rupp."

"A gundumar nan kike?"

"Nan aka haife ni."

Ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji. Fuskarsa ta washe, ban taɓa ganin ta haka ba, ko ranar auren 'yarsa. Ya juyo ga mutane ya ce, "Shekara ashirin da takwas ina jan ƙarfen nan, bayana har ya gaji. Yau dai ta yi amfani. To, Malama Baeza, tambaye ni."

Ta yi alkawarin ba za ta taɓa shi ba, kuma ba ta taɓa shi ba. Ta ce, "Kwana nawa ya halatta mutum ya yi a kulle bayan an san ba shi da laifi?"

"Ko ɗaya." Bai ko yi tunani ba. "Ko rabin yini. Ranar da kuka ji hakan ta faru a hannuna, ku cire ni, kar ku tsaya jin kunyata. In kuka bar ni don kuna sona, kun ci amanar wanda ke ciki, kun ci tawa."

Gus ya sunkuyar da kai. Na ga Bernice ta dubi Leland, Leland ya dubi mai aski, mai aski ya dubi alƙali da ya zo kallon tumakin jikarsa. A idona abin ya faru, kowa ya gane cewa na kusa da shi ma ya sani. Ni dai tunda nake ban taɓa tsayawa a wuri mai nauyin wannan ba, kuma rumfar shanu ce.

Sai ya ce, "Ai an rufe ta jam'iyya, sai da sa hannun mutane za ki shiga. Ina takardar?"

Corina ta dube ni. Duk rumfar ta dube ni. Na ɗaga ƙyalle, na zaro ta daga ƙarƙashin burodi, da maiƙo a gefenta, na miƙa masa. Na jira abin da zai ce.

"Misis Hruska! Ashe tana wurinki. Kullum kina gabana da taki ɗaya."

Ya dafa ta a kan lasifika ya sa hannu, Alden J. Rupp, da dogon jan nan nasa a ƙasa. Bernice ce ta fara tasowa, tana share hanci tana cewa, "Ba ni nan, muguwa." Layi ya kai har wurin awon shanu.

Asabar, 3 ga Agusta, ƙarfe 5 na yamma

Tun jiya muka raba takardun uku don sauri. Ɗaya a teburin Corina a wurin biki, ɗaya a gidan abincin Bernice, ɗaya a kwandona. Wasu har yanzu sun ƙi, tsoho Pfeifer ya ce shi bai ji abin da aka ce ba, kuma bai yarda ba. Amma mun haɗa sittin da huɗu.

Lahadi, 4 ga Agusta, ƙarfe 4 na yamma

Sittin da huɗu, har da rarar biyu. Bari in faɗi gaskiya ko a nan ne. Da na ƙirga, abin da ya fara zuwa min ba murna ba ce, sauƙi ne, don ba sai na sa nawa ba. Na kai takardar ƙofa fiye da ɗari, na sha zagi, amma layin farko yana nan fari. In aka tambaye ni wata rana, zan iya cewa ni dai ɗauka na yi.

Litinin, 5 ga Agusta, ƙarfe 1:15 na rana

Mun hau wurin Twila ƙarfe sha ɗaya saura, ni da Corina. Ta ture gwangwanin gyaɗa, ta buɗe rajista, tana bin suna ɗaya-ɗaya da rula. Agogon bangonta yana da ƙara, ban taɓa lura ba.

Ta ja layi a kan Hank Weigel. "Ya koma gundumar gaba tun bara, yana sane." Sittin da uku.

Ta gama takarda ta farko, ta shiga ta biyu, sai rular ta tsaya. Ta koma ta farko. Ta ɗauko ta uku ta bi ta da yatsa har ƙasa. Sannan ta jera su ukun a kan tebur ta juyo da su wajenmu.

Alden J. Rupp, ranar Alhamis, a tawa. Alden J. Rupp, ranar Juma'a, a ta Corina. Alden J. Rupp, ranar Asabar, a ta Bernice. Da dogon jan nan a ƙasan kowanne.

Corina ta toshe baki. Ta ce ranar Juma'a ta je sayo ruwa ne ta bar wa ƙawarta teburin, ba ta ma san ya zo ba. Twila ta ce Bernice ta ba ta labari jiya, wai ya shigo karyawa ta biyu ya ga takarda a kan kanta, ya tambaya, da aka gaya masa wata ce za ta kara da shi sai ya buga tebur don murna, ya ce a ba shi alƙalami.

Na tsaya ina kallon sunayen nan uku. Sau uku labarin ya zo masa sabo fil, ba ya tuna jiya, ba wanda ya tuna masa abin da ya faɗa a rumfa, kuma sau uku ya yi abu ɗaya. Abubuwa da yawa sun zube daga kan mutumin nan, sunaye, hanyar gida, karin safe. Wannan bai zube ba. Na dafa tebur.

Twila ta cire tabarau ta goge ido da bayan hannu, ta mayar. "Ɗaya zan ƙirga. Doka ce, shi ma da zai ce haka." Ta ja layi biyu. "Sittin da ɗaya. Sha biyu saura minti sha takwas."

Corina ta ce bari ta ruga gidan mai ko za ta samu wani.

Twila ta ce, "Zauna. Ga mai rajista nan tsaye, tun ina yarinya take jefa ƙuri'a a makarantar firamare." Ta turo min takarda ta farko, ta sa yatsa a layin da ke sama. "Verna, ba a ƙirga ɗaukar kwando."

Na ce hannuna rawa yake yi.

"Ya yi ta yi. Ba kyawun rubutu nake dubawa ba."

Na tuna fom ɗin da na cike masa a watan Mayu, da wannan hannun. Na tuna Ash a bakin titi da jakar leda. Na rubuta Verna Hruska, ya fito a karkace kamar na ɗan aji ɗaya. Twila ta buga hatimi sha biyu saura minti tara. A watan Nuwamba suna biyu za a buga a layin. Wanda mutane za su zaɓa ban sani ba, amma za a tambaye su.

Na sauko ofis. Mista Rupp yana zaune yana cin abincin rana, ya shimfiɗa hankici a cinya. Kujerar tana jingine a bayan ƙofa inda Gus ya dawo da ita. Ya nuna ta da cokali.

"Misis Hruska, bana ma haka zan ja ta a banza? Ba wanda ya fito?"

Na ce, "An fito, Mista Rupp. 'Yar gidan Baeza."

Ya ajiye cokalin. Fuskar nan ta sake washewa.

"Kai, madalla! Ai za ta buƙaci sa hannun mutane. Maza nemo min takardar."

Na ce ta cika, an rufe.

"Kash, na makara." Ya dube ni ta saman tabarau. "Ke dai kin sa naki ko?"

Na ce na sa.